Muhawara: Wa ke kashe kifin Mayo Kam?

Malam Haruna: Assalamu alaikum jama'a. Abin da ake yi wa Mayo Kam ya kai a yi magana. Kogi ne da ke gangarowa daga duwatsun Gashaka, da rani ruwansa garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa. To da zarar ruwa ya ja baya a watan biyu da na uku, kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi, sai baƙi su zo su tsiyaya gamalin, wato maganin feshin gona mai guba, daga saman gurbi, inda ruwa ke shigowa. Kafin a jima giwan ruwa da tsage da ƙurungu, har 'yan ƙananan da ba su kai yatsa ba, duk sun juyo ciki sama. A kwashe manya, a bar sauran suna ruɓewa a gaɓa, ruwan kuma ya wuce ƙasa inda mutane da dabbobi ke sha. Baƙi sun kashe mana kogi, mu kuma mun naɗe hannu.

Yaya Salisu: Wa alaikumus salam. Malam, maganarka ta yi kyau har ka zo kan "baƙi". Su wane ne baƙin? Ka faɗi suna mu ji.

Malam Haruna: Duk wanda ya zo da rani ya tafi da damina. Wanda zai sha ruwan nan badi ba zai zuba masa guba ba.

Baba Masunci: Haruna ɗana, da mu kake, mun gane. Masuncin da ya gaji sana'a, ko daga Argungu ya fito ko daga Ibi, ba ya taɓa gamalin, don ya san gurbin da aka zuba wa sai ya daɗe bai farfaɗo ba: ƙwai ya mutu, ƙwarin ruwan da kifi ke ci sun mutu. Mu ragar kalli muke sawa, da ƙugiyoyin mamari da tarkon gura. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku. Kifin kalli yana da shaida: zaren raga kan bar masa zobe a bayan kunne, kuma girmansu kusan ɗaya ne, tun da idon raga ne ya zaɓe su. In ka ga kwando an cakuɗa manya da jarirai, iri-iri, babu tabon raga babu na ƙugiya, to ka tambayi mai shi. Sau da yawa za ka tarar ɗan gari ne mai maganin feshi a ɗakinsa.

Yaya Salisu: Allah ya saka, Baba. Kuma in tone-tone za a yi, har 1961 duk yankin nan, Gashaka da Mambila, ba ya cikin Najeriya. Jamus ta riƙe shi, sannan Ingila, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama aka haɗe, aka kira shi Lardin Sardauna. Jibawa, tsofaffin mazauna yankin, sai su ce kowa a wannan zauren baƙo ne.

Malam Haruna: Ni ban kira ƙabilar kowa ba.

Hajiya Ladi: Ba ka kira ba, amma ka buɗe ƙofa. Yaya Salisu, kai ma ka gyara: zaman mutum a wuri ba da ranar ƙuri'a ake ƙirga shi ba. Akwai gidajen da ke Serti tun kafin a yi jihar Taraba a 1991, shekarar da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti suka zama gandun daji na ƙasa. Su ma baƙi ne?

Ɗanjuma: Ni dai abin da ya dame ni, wasu suna rubuta "Kogin Mayo Kam". Mayo ai kogi ne da Fulatanci. Ko a ce Mayo Kam, ko a ce Kogin Kam.

Buba: Sunan ma ya isa shaida. Wanda ya raɗa wa kogi suna ba a kiransa baƙo.

Yaya Salisu: Sunan taswira ba takardar gado ba ce, Buba. Tun da ka shigo, mu yi maganar shanu. Garken da ke sauka daga tsauni da rani ba ya bin mashaya ɗaya, duk inda ya ga dama nan yake faɗawa. Kofato ya farfasa gaɓa, ciyawar baki ta mutu, ruwan farko na watan huɗu ya kwashe ƙasar ya zuba a kogi. Lakar nan ita ke rufe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, ta cike gurbin da dorina ke kwanciya. Ga ƙuna: wutar watan Nuwamba da Disamba, ciyawa da sauran danshi, tana lashe sama ne ta wuce. Amma wutar Fabrairu da Maris, da ake cinnawa don toho ya fito wa shanu, tana shiga har cikin kurmin bakin rafi ta cinye ƙananan itatuwa. Kurmi ya tafi, inuwa ta tafi, idon ruwa ya ƙafe da wuri.

Buba: Yaya Salisu, ka ji tsoron Allah. Masu farauta ba sa cinna wuta? Masu zuma fa? Rugagen Selbe da Filinga da Sabere hukuma ce da kanta ta keɓe musu wurin zama a cikin gandu. Kuma maganin mashaya ba wani abu ba ne mai wuya: a zaɓi wurin da gaɓa ta kwanta, ƙasansa dutse ne ko tsakuwa, a yi faɗinsa kamar taku shida zuwa takwas, a shimfiɗa manyan duwatsu a ƙasa a cike tsakaninsu da ƙanana, a shinge gefe biyu da ƙaya. Ardo ya faɗa sau ɗaya, kowa zai bi. Amma shanu ne suka sare madobiya? Wa ya yi ta lodin madrid, wato katakon madobiya, a manyan motoci daga Taraba, har aka dakatar da Najeriya daga fitar da shi a 2018? Wanda ya ja gungume daga kan tudu zuwa hanya ya bar kwari a bayansa, nan zaizaya take somawa.

Injiniya Rabi: Don Allah ku bar ni in ce wani abu a kan gaɓar da ta riga ta zube, tun da an taɓo ta. Kada a zuba siminti, ambaliyar kogin dutse tana haƙo ƙarƙashinsa ta kifar da shi a damina ɗaya. A sassaƙe gaɓar ta kwanta, a jera duwatsu a gindinta inda ruwa ke duka, sannan a dasa jema layi-layi a kwance, ba a tsaye ba, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, da farkon damina don ta kama kafin ruwa ya cika. Saiwarta tana nitsewa mita biyu zuwa uku. Inda ake kuskure shi ne a dasa da tazara mai yawa, sai ruwa ya bi ta tsakani ya yanka hanya. A bar aƙalla mita 30 daga bakin ruwa ba noma ba sara. Masu wankin ma'adinai kuma su haƙa ramuka biyu a jere nesa da gaɓa, laka ta kwanta a na farko, ruwa ya tsiyaye zuwa na biyu, maimakon su wanke kai tsaye a cikin rafi.

Ɗanjuma: Injiniya, jema ai ta fadama ce, wa ya ce za ta yi a kan dutse?

Injiniya Rabi: A gaɓa na ce, ba a ƙolin dutsen Chappal Waddi ba. Rana take so, shi ya sa ba a dasa ta a cikin kurmi.

Baba Masunci: Har yanzu Haruna bai janye kalmarsa ba.

Malam Haruna: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma ba zan janye ba. Kakanninmu ma sun yi su da magimfa, sai dai ganye ne, ƙarfinsa yana karyewa cikin 'yan kwanaki. Wannan na kwalba wa ya kawo shi?

Yaya Salisu: Ɗan kasuwa ya kawo shi, don feshin gona. Shi ma baƙo ne?

Hajiya Ladi: Ai kun ga inda kalma ɗaya ta kai mu.

Alhaji Umaru, shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka, zan taƙaita. Abin da aka tabbatar shi ne ɓarnar Mayo Kam daga masu zuba guba take, sai masu sare madrid da masu wankin ma'adinai, kuma yawancinsu ba mazauna wurin ba ne, kamar yadda Malam Haruna ya faɗa tun farko. Zancen shanu da ƙuna ba a kawo hujja a kansa ba, Buba ya ba da amsa mai gamsarwa, don haka na ajiye shi. Wanda ya ga kifi ya taso, ya ɗauki hoto, ya ɗebi ruwan a kwalbar gilashi mai tsabta ya ajiye a wuri mai sanyi, ya sanar da mai unguwa da jami'an gandu a Serti a ranar, kuma a hana shayar da dabbobi a ƙasan gurbin. Yaya Salisu, na ga saƙonninka uku na ƙarshe, na goge su. Na rufe wannan maudu'i.