Walter Tull ɗan ci-rani ne ko ɗan gida?

Ɗan Fagge: Wallahi halin Turawa sai su. Walter Tull, baƙar fata ɗan ƙwallo, ya buga wa Tottenham a 1909, ya koma Northampton, da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke ya ajiye takalmin ƙwallo ya ɗauki bindiga. Aka harbe shi a Faransa ranar 25 ga Maris 1918, ko gawarsa ba a samu ba, sunansa kawai aka rubuta a bangon tunawa na Arras. Ɗan ci-rani ya ba da ransa saboda su, amma yau baƙar fata ya ɓarar da fanareti sai zagi ta ko'ina.

Malamin Tarihi: Ɗan Fagge, wane ɗan ci-rani? A garin Folkestone na Ingila aka haife shi a 1888. Mahaifinsa ne kafintan da ya zo daga tsibirin Barbados na yankin Caribbean, mahaifiyarsa kuwa Baturiya ce 'yar Kent.

Ɗan Fagge: Malam, in ɗan gida ne, me ya sa magoya bayan Bristol City suka yi ta zaginsa kan launin fata?

Mai Shayi: Ɗan ci-rani da damina yake komawa gida. Shi ina zai koma? Gidan marayu na Landan ne ya raine shi.

Malamin Tarihi: Kuma har hafsa ya zama a 1917, alhali dokar sojansu ta keɓe muƙamin ga masu tsantsar jinin Turawa.

Ɗan Fagge: To ka gani! Dokar ma baƙo ta ɗauke shi.

Na Arsenal: Ku bar wannan. Tottenham ce ta wulaƙanta shi, wasa goma kacal ta maida shi ajin 'yan benci. Wa ya ɗauke shi a Northampton? Koci Herbert Chapman, namu!

Sarkin Spurs: Kai yaro, ji kunya. Chapman bai zo Arsenal ba sai 1925. Ina ruwan biri da gada?

Na Arsenal: Ranka ya daɗe, namu ne tun yana can, bai sani ba ne kawai.

Jikan Soja: Kuna ta jayayya kan mutum ɗaya. Kakana ya je yaƙin Bama, abokansa da dama can aka baro su a daji. Wa ya taɓa kawo maganarsu a zauren nan?

Mai Shayi: Allah ya jiƙansu, amma ƙwallo suka buga?

Jikan Soja: Ka iya bakinka.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, jama'a. Abin da aka cimma: Tull haifaffen Ingila ne, Malam ya yi gaskiya. Batun zagi kuwa kowa ya yarda laifin Tottenham ne da ta kasa tsaya masa, sai da mutumin Arsenal ya cece shi. Na rufe maganar.

Sarkin Spurs: Wa ya yarda? Shugaba, cire rigar Arsenal ɗin nan tukuna.