Zan shiga dillancin gidaje: ofis zan bi ko tsohon hannu?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa bara, kuma ina son shiga dillancin gidaje da filaye a nan Kano. Wani ofis a titin Gidan Zoo ya ce in biya naira dubu 150 na horon mako shida, daga nan in riƙa karɓar kashi 30 na duk la'adar da na kawo. Abokin mahaifina kuma, tsohon dillali a Rijiyar Zaki, ya ce in zo in riƙa binsa kyauta, amma bai faɗi abin da zan samu ba. Wanne ya fi?

Ɗan Hotoro:
Wa alaikumus salam. Ka fara sayen babur, domin wanda ba shi da abin hawa ba ya dillanci a Kano.

Abu Khadija:
Ƙanena, ka guji duk ofishin da bai rubuta rabonka a takarda ba. Wata takwas na yi a wani ofis, ni ne share-share, ni ne kai masu saye Ɗanbare da Gaida a tsakar rana. Daga ƙarshe na kawo wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ya sayi gida na miliyan 40, la'adar ɓangarensa kaɗai miliyan 2. Ranar da aka ba da kafin alƙalami sai mai ofishin ya aike ni sayo lemo, kafin in dawo an sa hannu, shaidu sun watse. Bayan mako biyu ya miƙo mini dubu 50 a ambulan, ya ce in sha mai. Da na yi magana sai ya tambaye ni ko da sunana aka yi wa ofishin rajista. Har yau idan na wuce ta gaban gidan nan sai na kau da kai.

Maman Ummi:
Allah ya saka maka. Amma dubu 150 ta yi yawa. Ƙanena dubu 40 ya biya, kuma kashi biyar ake karɓa wajen mai saye, biyar wajen mai sayarwa.

Ɗan Hotoro:
Hajiya, wannan a baki ne. Babban ciniki da ƙyar ake ba da kashi biyu, haya ce ake cire goma.

Mai Ƙiyasi:
Ku yi haƙuri, kuna ba yaron nan shawarar majalisa. Hukumar ESVARBON, wadda dokar 1975 ta kafa, ita ke yi wa masu ƙiyasin kadara rajista, kuma horon mako shida ba zai kai shi can ba. Ya je Jami'ar Bayero ya karanci sarrafa kadarori, ya san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ya iya binciken satifiket ɗin mallakar fili a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Jihar Kano, kafin ya nuna wa kowa fuloti.

Baba Na Ɗorayi:
Ɗana, shekarata 31 a wannan sana'a ban shiga aji ba. Mafi yawan filayen da talaka ke saye awon igiya ne, takardarsu ta mai unguwa ce da dagaci. A wane littafi ake koyar da yadda za ka gane cewa kango na gado ne kuma akwai magaji ɗaya da bai yarda ba? Maƙwabta ake tambaya.

Mai Ƙiyasi:
Baba, da girmamawa, irin wannan cinikin ne ke cika kotuna.

Ɗan Hotoro:
Ku bar yaro ya bi Baba, aƙalla zai koyi cewa "unguwa ce mai albarka" ko da kwata ta shiga falo.

Maman Ummi:
Ni abin da ya fi ci mini rai kuɗin ganin gida ne. Da muke neman haya a Na'ibawa, dillalai huɗu suka karɓi dubu biyar-biyar, kuma uku daga cikinsu gida ɗaya suka kai mu, mai tsagaggen bango.

Abu Khadija:
Ai gida ɗaya sai ki tarar da mutum bakwai a kansa, kowa yana cewa shi ne na kusa da mai shi.

Sabon Shiga:
Na gode, amma har yanzu ba a ce mini komai kan kashi 30 ɗin ba. Ofishin kuma ya ce ranar Litinin za a rufe karɓar kuɗi.

Baba Na Ɗorayi:
Hajiya, a wane layi ne gidan na Na'ibawa?