Wanda ya haɗa mini hoton batsa lokacin kullen korona ya dawo, ina neman shawara

Maman Ilham, Daura:
Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce. A watan Afrilun 2020 da aka kulle Daura bayan an samu mai korona na farko a jihar Katsina a garinmu, ciniki ya tsaya cak, ga azumi ya kawo jiki. Sai na fara ɗora ɗinkunana a Facebook da sitatus na WhatsApp, da lambata a ƙasa.

Wata ta yi mini magana, wai amarya ce daga Kano, tana son dogayen riguna shida. Ta ce mu yi kiran bidiyo ta ga yadin. Ina tsakar gida ko ɗankwali babu, na ɗaga tunda mace ce. Allonta baƙi ƙirin, ta rubuto wai sabis ne babu. Bayan kwana biyu aka turo mini hoto: fuskata ce, har ɗan kunnen da ke kunnena ranar, amma an ɗora ta a jikin wata tsirara. Ashe namiji ne. Ya ce naira dubu ashirin ko ya watsa. Na sayar da ɗan kunnen nan na tura masa, ban gaya wa kowa ba, har maigidana.

Shekaranjiya ya dawo da sabuwar lamba, yana neman dubu ɗari. An sa ranar auren 'yata. Wallahi ko barci ba na iyawa. In biya ne a rufa asiri, ko yaya zan yi?

Abu Sadiq:
Allah ya kyauta. Amma Hajiya, me ya kai matar aure sa lambarta a intanet tun farko?

Anti Bilki, Ƙofar Ƙaura:
Haba Malam! Kasuwa a rufe, yara na gida ba makaranta, da me za ta ci? Mu nawa muka koma sana'a a waya a shekarar nan? Shi ɓarawon mutunci ba ka ce masa komai ba.

'Yar uwa, kada ki ƙara tura ko kwabo. Dubu ashirin ɗin farko ce ta dawo da shi. Kuma ki gaya wa maigidanki yau, da bakinki. Makamin mutumin nan ɗaya ne, tsoron da kike yi kada a ji. Ƙanwata ta shiga irin wannan, sai da ta rame ta koma kamar tsinke kafin ta faɗa wa Innarmu. Ranar da muka zauna a kai ta fara cin abinci.

Malama Hauwa'u, Katsina:
Maman Ilham, sannu. Kada ki goge komai, kuma kada ki toshe shi sai kin ɗauki hoton duk saƙonninsa, lambar da ranar su fito. Ki je banki ki karɓi takardar bayanin asusunki na 2020, domin asusun da kika tura wa kuɗi yana da suna da BVN, nan ne bakin zaren. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta tura saƙon batsa da yi wa mutum barazana don a karɓi kuɗinsa. Ki kai ƙara wurin 'yan sanda, amma ki tafi da wani naki, ko ki nemi lauyoyi mata na FIDA su raka ki.

Akwai kuma StopNCII, wani shafin intanet da ke taimakawa wajen hana yaɗa hotunan tsiraici. Hoton ba ya barin wayarki, wata alama ce kawai ake cirowa daga jikinsa, Facebook da Instagram da TikTok su riƙa tare shi in an zo ɗorawa. Sai dai ba ya hana turawa ta WhatsApp.

Maman Ilham, Daura:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na miƙa wa Baban Ilham wayar, hannuna na rawa. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Sannan ya ce, “Duk shekarun nan ke kaɗai kika riƙe wannan?” Gobe da safe za mu je banki tare. Malama, a ina zan samu ofishin FIDA a Katsina?