Sankarar bakin mahaifa: yadda muka ji da labarin a gidajenmu

Daga Garwa, Kamaru: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. An tabbatar mini da sankarar bakin mahaifa bayan na daɗe ina ganin jini a tsakanin al'ada, kuma likita ya ce sanadinta ƙwayar cutar HPV ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Tun ranar maigida ya ɗauke mini wuta. Ku da kuka riga ni shiga wannan hali, yaya kuka yi?

Daga Marwa: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma zargi ya fi ciwon cin raina, har sai da na roƙi Malam ya raka ni asibiti ya ji da kunnensa. Ungozoma ta bayyana masa cewa yawancin manya, maza da mata, sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun sani ba, kuma jikin mafi yawansu yana kawar da ita da kansa. Wadda ta maƙale kuwa takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, don haka babu mai iya cewa ga ranar da ta shiga, balle ga wanda ya kawo ta. Ki bar ma'aikatan lafiya su yi masa bayani, domin abin da ba zai karɓa daga bakinki ba zai karɓa daga nasu. Abokiyar zamana ma ta je an duba ta, aka ga somin ciwon, aka yi mata magani.

Daga Ngaundere: Ni gashi aka rubuta mini, wato ƙona sankarar da hasken na'ura (radiotherapy), wanda ya sa na bi jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga can na shiga mota zuwa Duwala, inda aka yi mini shi. Kuɗin adashi da gudunmawar dangi ne suka riƙe ni. Yaya, ki nemi masauki wajen 'yan'uwanmu Hausawa na unguwar New Bell a Duwala tun kafin ki tashi, kuma ki tafi da mai jinya, saboda gashin yana kawo kasala da gudawa, ga shi ana yin sa makonni a jere.

Daga Kusiri: Mahaifiyata ce ta kamu da ciwon, mun kuma makara saboda jiƙe-jiƙen gargajiya. Kamaru ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 rigakafin HPV a 2020, kuma yana kare su daga nau'in ƙwayar na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Na kai 'yata an yi mata, duk da surutun maƙwabta.