Shirin girkin kudancin ƙasar Amurka na Vivian Howard: wa ya kalla, wa ya gwada?

Maman Ilham, Raleigh:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka kalli A Chef's Life, shirin da tashar PBS ta nuna daga 2013 zuwa 2018. Vivian Howard ce ta baro New York ta koma gida, ita da mijinta suka buɗe gidan abinci a Kinston, jihar Karolina ta Arewa, a 2006. Kusan kowane kashi amfanin gona ɗaya take ɗauka, yau masara, gobe kuɓewa ko gyaɗa. Sai ta je har gona, ta kuma zauna gaban tsofaffi su koya mata. Abin da ya fi burge ni, ba ta dafa abu sai lokacinsa ya yi. Tun da na kalla na daina sayen tumatirin hunturu, jan banza ne babu ɗanɗano. Yuli nake jira in tafi kasuwar manoma, in samo wanda yana ganin wuƙa yake tsiyayar ruwa.

Hajiya Babba, Atlanta:
Wa alaikumus salam 'yata. Na kalla, kuma gargaɗi zan fara da shi. Girkin kudu cike yake da alade. Ganyen kolad ɗin nan mai faɗi, dangin kabeji, da ƙafar alade suke dafa shi, wake ma haka, burodinsu na safe kuma sau da yawa da kitsensa ake kwaɓawa. Kar ku ga ganye zalla a faranti ku saki jiki, ku tambaya. A gida ƙyafaffen talotalo na halal nake sawa, in rage wuta ganyen ya daɗe yana dahuwa har ya yi laushi. Romon da ya rage a tukunya kar a zubar, can daɗin yake. Ganyen kuma ya fi zaƙi bayan sanyi ya buge shi, daga Nuwamba zuwa sama.

Baban Sadik, Greenville:
Hajiya ta gama magana. Ni kusa da Kinston nake, ƙasar taba ce a da, kasuwar taba ta faɗi wasu manoman suka koma kayan lambu. Amma a faɗi gaskiya, cin abinci a irin gidan abincin Vivian sai mai hali. Mai aikin awa ba zai kwashi iyali ya je ba. Abin da nake yi, ƙarshen zafi in tsaya bakin titi in sayi dafaffiyar gyaɗa, ɗanya ce da ɓawonta a ruwan gishiri, da zafinta. In kaka ta yi kuma dankalin Hausa kwali guda, don babu jihar da ta kai wannan noma shi a Amurka.

Ummi, Kano:
Anti Maman Ilham, ni ta intanet na gani. Sai jikina ya yi sanyi da na ga kuɓewa da wake mai baƙin ido, domin ta hanyar cinikin bayi suka isa can daga Afirka. Shinkafa da waken da suke ci ranar sabuwar shekara, garau-garau ne sak. Na so a ce shirin ya ƙara tsayawa kan baƙaƙen fatan da suka riƙe wannan girki. Na gwada soya kuɓewa yadda suke yi: a yanka, a birkiɗa a garin masara, a jefa a mai mai zafi. Ko alamar yauƙi babu. Kakata ta ɗanɗana ta ce an ɓata kuɓewa, ƙannena kuwa suka cinye tas.

Maman Ilham, Raleigh:
Ummi, nemi shirinta na 2020, Somewhere South, ta je wajen 'yan Gullah, baƙaƙen fatan bakin tekun kudu masu tarihin noman shinkafa. Hajiya, don Allah a ina kike samun talotalon? Nan na zaga shagunan halal, ɗanye kawai suke kawowa.