Neman kalma: me za mu kira "peptide" a shirin ranar Asabar?

Rabi Mai Shiri: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina cikin matsi. Ranar Asabar da ƙarfe 9 na safe zan shiga situdiyo da wata malamar jami'a a nan Jos, wadda aka karrama kuma aka ba ta kuɗin bincike. Aikinta a kan "peptide" ne na dafin maciji, kuma takardar ta ce an zaɓe ta a rukunin "early career researchers". Waɗannan biyun sun tsaya min a rai. Masu saurarena mutanen gari ne, daga Gangare da Bukuru har ƙauyukan Mangu, ba ɗaliban kimiyya ba. Gobe Juma'a kafin la'asar zan miƙa rubutun. A taimaka don Allah.

Dokta Garba: Wa alaikumus salam Malama Rabi. Furotin, sinadarin gina jiki, jeri ne na ƙananan ƙwayoyi da ake kira amino asid, iri 20 ne jiki ke gini da su. In jerin ya yi tsawo ya nannaɗe, furotin ke nan. In gajere ne, daga biyu zuwa wajen 50, shi ne abin da kike tambaya. Insulin na masu ciwon suga 51 gare shi, yana bakin iyaka. Oksitosin, allurar da ake yi wa mai naƙuda, 9 kacal. Ni a aji "feftayid" nake cewa, sai in bi da "gajeriyar sarƙar amino".

Istifanus Bukuru: Me zai hana "ɗan furotin"? Kowa zai kama nan take.

Nas Ladi: A asibiti in ka ce ɗan furotin, uwa za ta ɗauka garin waken suya ake nufi na kunun yara. Sarƙar amino ta fi.

Malam Bala Mai Nahawu: Allah ya gafarta malamai, feftayid ba Hausa ba ce, Turanci ne aka sa wa hula. Kuma "sarƙar amino" rabinta baƙuwa ce. Mu je tushe. Bajamushe Emil Fischer ne ya ƙirƙiro kalmar a 1902, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ya narke a ciki. Shi ya duba abin ya raɗa masa suna, mu me ya hana mu? Muna da awon da ya ba mu mantau da makarau da fiddau. To, NARKAU. Gaɓa biyu, ya zauna a baki, jam'i narkau-narkau ko narkayya in ana so. Na daɗe ina ajiye da wannan kalma, yau ga ranarta.

Ɗan Gangare: Narkayya kuma Malam? Wannan ai sunan wani abu ne daban.

Malam Bala Mai Nahawu: A bar jam'in. Tilon nake karewa.

Nas Ladi: Malam, da girmanka, narkau zai cuci marasa lafiya. Shekara 19 ina koya wa masu ciwon suga yadda za su yi wa kansu allura, kuma tambayar da ba ta ƙarewa ita ce, me ya sa ba za a ba mu ƙwaya mu haɗiye ba? Amsar ita ce ciki yana narkar da insulin kamar yadda yake narkar da nama, ya lalace kafin ya kai jini. Yanzu in Rabi ta ce a rediyo insulin narkau ne, tsohuwa a Angwan Rogo za ta ji cewa abin sha ne, ko maganin narkar da abinci. Ni zan sha wahalar gyara wannan a ɗakin jinya.

Dokta Garba: Gaskiyar Nas ce. Sunan Girkancin ya samo asali ne daga lokacin da aka fi sanin waɗannan sinadarai a matsayin ɓurɓushin furotin da ya narke. Amma da yawansu jiki ne ke ƙera su da gangan, wasu kuma a ɗakin gwaji ake haɗa su. A 1963 Bruce Merrifield ya fito da hanyar ɗaure ƙwayar farko a jikin wani ɗan dunƙulen roba, a riƙa saƙala sauran ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zura duwatsun wuya a zare. Ita ta ba shi lambar yabo ta Nobel a 1984. Gini ne wannan, ba narkewa ba. Shi ya sa nake riƙe da sarƙa.

Malam Bala Mai Nahawu: Ai "kwamfuta" ma asalinta mai lissafi ce, kuma muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka zauna lafiya. Suna ba ya ɗauke da dukkan bayani. Matsalarmu ita ce lalaci. Duk kalmar da ta zo sai a murɗa mata wuya a ce an Hausantar. Haka Ingausa ta cinye gidajen rediyo, musamman a nan Jos, inda mai gabatarwa ba ya iya jimla uku ba tare da "so" da "actually" ba. A Kano ko Sakkwato ba za a bari feftayid ta wuce tebur ba.

Ɗan Gangare: To fa, an zo wurin. Malam, kullum sai an jefe mu da Kano. Kakana a haƙar kuza ya zo garin nan, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni. Hausar da muke yi da Birom da Angas da Afizere a kasuwar Taminus ita ce ke riƙe da zaman garin nan, ba ta jiran takardar izini daga ko'ina. Kuma ku a can me kuke kiran asibiti? Mota fa? Burodi fa? Wa ya tsaya neman tushensu?

Istifanus Bukuru: Ni ba Bahaushe ba ne, amma da Hausa nake addu'a a coci, da ita nake ciniki, da ita na yi zance har na yi aure. In ana raɗa suna, da mu za a raɗa. Tambayata ma ita ce, me ya sa "f"? Mu nan muna cewa Pankshin da Panyam ba wahala. A bar shi peptayid.

Malam Bala Mai Nahawu: Ban ce ba ku da haƙƙi ba, Malam Istifanus. Amma daidaitacciyar Hausa ba ta da harafin "p". Jihar da muke ciki ma Filato muke rubutawa.

Ɗan Gangare: Ka ga ke nan ka yarda da feftayid.

Malam Bala Mai Nahawu: Na yarda da rubutunta, ban yarda da ita ba. Kuma "ft" ɗin da ke cikinta bai saɓa wa ƙa'ida ba, tunda muna da daftari da kaftin. Wannan kaɗai zan ba ta.

Rabi Mai Shiri: Iyayena da yayyena, dare na yi. Ga ta biyun ba a taɓa ba. Na rubuta "matasan masu bincike", ya yi?

Dokta Maryam: Bai yi ba, ƙanwata, kuma wannan ya fi damuna a kan na farkon. Ina da shekara 43 na kammala digiri na uku, bayan na yaye 'ya'ya huɗu. Na taɓa neman wani kuɗin bincike, wanda ya karɓi takarduna ya dube ni ya ce na matasa ne, ya mayar min. Ba shekarun haihuwa ake nufi ba, shekarun shiga aiki ne. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, tana ƙirga shekara 10 daga kammala babban digiri, har ma tana ƙara wa mace lokaci in ta haihu. In kika ce matasa, duk macen da aure da reno suka jinkirta za ta ji ba da ita ake ba, ba za ta ma nema ba.

Malam Bala Mai Nahawu: To, sababbin shiga. Ko 'yan koyo.

Dokta Maryam: Malam, mai digiri uku ɗan koyo? Wannan kalmar ce ke sa babba ya sa sunansa a gaba a takardar da ƙarami ya kwana yana yi. A 1921 da aka gano insulin a Toronto, Charles Best ɗalibi ne mai shekara 22, shi ke tare da likita Banting a ɗakin gwaji. Da Nobel ta zo a 1923, Banting da Macleod, shugaban ɗakin gwajin, aka ba, aka tsallake Best, har sai da Banting ya raba kuɗinsa da shi. Don irin wannan ne ake ware wa na ƙasa nasu rukunin, a ga aikinsu da sunansu. Ni "masu bincike masu tasowa" nake so. Tasowa ba ta da shekaru.

Nas Ladi: Na goyi baya. Kamar yadda ake cewa ƙasashe masu tasowa, kunne ya saba.

Dokta Garba: Ƙari ɗaya, Malama Rabi. Kada ki haɗa karramawa da kuɗin a kalma ɗaya. Lambar yabo daban, kuɗin bincike daban. Kuma ki guji "tallafi". Tun da aka cire na man fetur a 2023, in mutane suka ji tallafi, buhun shinkafa suke gani. Wannan kuɗin aiki ne, na sayen sinadaran da sai an yi odarsu daga waje da dala, da biyan gwaji, kuma sai an kawo lissafin kowane kwabo. Haka yake a asusun bincike na TETFund ma, hukumar da ke ba manyan makarantu kuɗi. Ki tambaye ta nawa ne ke tafiya a kan kaya kaɗai, masu saurare su ji.

Nas Ladi: Ki kuma faɗa musu cewa captopril da ake ba masu hawan jini, daga nazarin dafin wani maciji na Barazil aka samo hanyarsa. Duk wanda ya san yadda kububuwa ke kai manoma asibitin Kaltungo zai tsaya ya saurara.

Rabi Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan karanta: "Baƙuwarmu na cikin masu bincike masu tasowa da suka samu lambar yabo da kuɗin bincike a bana. Aikinta a kan feftayid ne, wato gajeriyar sarƙar amino, irin sinadarin da insulin yake." Daga nan sarƙar amino zan riƙa cewa har ƙarshen shiri. Malam Bala, ka yafe min.

Malam Bala Mai Nahawu: "Masu tasowa" ta yi, ba ni da ja. Feftayid kuwa ki faɗe ta sau ɗaya tak, tunda lokaci ya ƙure miki. Narkau ban janye ba. Zan rubuto hujjojina a tsanake, kuma sai mun dawo kan "amino" ɗin nan, don ita ma ba a ba ni amsa ba.

Istifanus Bukuru: Malama Rabi, in baƙuwar ta furta da "p", kada ki gyara mata a iska.