Shin heavy metal kiɗan bautar Shaiɗan ne tun asalinsa?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Tun da mawaƙin nan na Ingila Ozzy Osbourne ya mutu a watan Yulin 2025 nake ganin wasu yaranmu suna yaɗa hotunansa, har da masu rubuta cewa duniya ta yi rashi. Ni matsayina ɗaya ne: kiɗan nan da ake ce wa heavy metal a kan bautar Shaiɗan aka kafa shi tun ranar farko. Ga baƙaƙen kaya, ga hoton ƙoƙon kai a ƙirjin riga, ga ihu, ga yatsu biyu da suke ɗagawa alamar ƙaho. Hukuncin kiɗa a shari'a na bar wa malamai. Asalin abin nake magana a kai. Mai ja ya fito.

Auwal: Wa alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, ina da ja. Kusan kowa ya yarda cewa daga ƙungiyar su Ozzy, wato Black Sabbath, abin ya kankama, su kuwa matasa huɗu ne 'ya'yan talakawa daga unguwar Aston a Birmingham, garin masana'antu a Ingila, suka haɗu a 1968. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, a masana'antar ƙarfe yake aiki. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuma bahago ne, da hannun daman yake danna tsirkiya. Maimakon ya haƙura, sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya liƙa musu fata. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kada su riƙa cin dungulmin yatsun. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ya san idan tsirkiya ta saki, muryarta ƙasa take yi, ta yi kauri. Kaurin sautin da ke tayar wa mutane hankali, wani ɓangare nasa daga raunin ɗan ƙwadago ya fito.

Nura: Auwal, yatsun ne suka raɗa musu suna? Faifansu na farko ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970 ya fito, ranar da Turawa suka camfa. A cikin bangon faifan akwai gicciye a kife. Wannan ma injin ne ya zana?

Auwal: Sunan daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi. Sun lura mutane na biyan kuɗinsu su shiga silima don a tsorata su, suka ce bari su yi kiɗa mai ban tsoro. Gicciyen kuma kamfanin da ya buga faifan ne ya sa shi. Amma mu bar bango mu shiga cikin waƙa. Geezer Butler, ɗaya daga cikin su huɗun, wanda ya rubuta yawancin baitocinsu, a gidan 'yan Katolika ya tashi. Waƙar da ta buɗe faifan, mutum ne ya ga wata baƙar siffa tsaye a kansa, tsoro ya kama shi, yana roƙon Allah ya cece shi. A 1971 suka yi waƙar After Forever, wadda ke kare imani da Allah ƙarara. War Pigs kuma janar-janar da 'yan siyasa take tsine wa, masu tura 'ya'yan talakawa filin daga su kuma su ɓuya, a daidai lokacin da ake yaƙin Vietnam. Gicciye ma suke ratayawa a wuya, ba a kife ba.

Malam Habibu: To ƙahon fa?

Auwal: Ronnie James Dio ne ya yaɗa shi bayan ya gaji Ozzy a ƙungiyar. Ya ce a wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yin alamar don kore kambun baka.

Malam Habibu: Ka ga ai ka taimake ni, yarona. Neman tsari da yatsu shi ma camfi ne. An gudu ba a tsira ba.

Nura: Kuma ku ba ni dama in kawo abin da Auwal ke kewayewa. Norway, farkon shekarun 1990. Matasan da ke yin wani nau'in heavy metal da ake kira black metal a can ba su tsaya a waƙa ba, coci-coci suka riƙa cinna wa wuta. A watan Yunin 1992 aka ƙone cocin Fantoft da ke Bergen, ginin katako mai shekaru ɗaruruwa, ya zama toka. A watan Agustan 1993 ɗaya daga cikinsu mai suna Varg Vikernes ya daba wa Euronymous, mai jitar ƙungiyar Mayhem, wuƙa har lahira. Kotu ta yanke masa shekara 21 a 1994, kan kisan da kuma ƙone coci-coci. Waɗannan mutane da bakinsu suke cewa suna yaƙi da addini. Wanda ya ƙone wurin ibadar wasu yau, me zai hana shi taɓa naka gobe? Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Auwal: Duk abin da ka faɗa ya faru, Yaya Nura, kuma ta'asa ce, babu mai wanke su. Sai dai ka lura da shekarun: fiye da shekara 20 tsakanin Birmingham da gobarar Bergen. Malam cewa ya yi tun ranar farko.

Sadiya: Salamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu, kuma ina cikin masu sauraren kiɗan nan, don haka bari in sa baki. Abin da ke rikita mutane shi ne ɗaukar heavy metal kamar abu guda, alhali ya yi rassa da yawa waɗanda ma ba sa ga maciji da juna. Iron Maiden na Landan, tun 1975, yawancin waƙoƙinsu tarihi ne da yaƙe-yaƙe da tsoffin labarai. Akwai thrash mai gudun tsiya, na su Metallica da Megadeth da Slayer da Anthrax a Amurka cikin shekarun 1980. Akwai doom mai tafiyar hawainiya, akwai death metal da ya yi ƙarfi a Florida, inda mawaƙi ke gurnani daga maƙogwaro, ni kaina ba na iya jurewa. Akwai power metal na su Helloween a Jamus, mai zaƙin murya da labaran jarumai. Black metal reshe ɗaya ne a ciki. Kuma Baba Malam, da yawa a nan sun sha jin metal ba su sani ba: duk wanda ya zauna gidan kallo yana kallon kokawar Amurka, waƙar da ɗan kokawa Triple H ke shigowa da ita 'yan ƙungiyar Motörhead ne suka yi ta.

Hajiya Binta: Ni Shaiɗan ɗin da nake tsoro a nan na cikin kwalba ne. Shi kansa Ozzy, abokansa ne suka kore shi daga ƙungiyar a 1979 saboda giya da ƙwaya sun fi ƙarfinsa. A garin da muke fama da matasa masu shan maganin tari, wannan ne gwanin da za a nuna musu? Ga kuma kunne. Yaro ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya ƙure ƙara, kina kiransa daga tsakar gida bai san kina yi ba. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Sadiya, 'yata, me kike samu a ciki tsakani da Allah?

Sadiya: Hajiya, maganar kunne gaskiya ce, ta ƙwaya ma haka, ta kashe da yawa a cikinsu. Abin da nake samu kuwa: akwai ranar da za ki dawo gida ƙirjinki cike da takaici, ba wuta, ba aiki, ba wanda za ki gaya wa. Waƙar soyayya ba ta taɓa wurin da ke miki ciwo. Sai jita da ganguna su faɗo tare a kan bugu ɗaya, su yi ta maimaita gajeren zubi har ki ji shi a ƙashinki. Kafin waƙar ta ƙare numfashina ya daidaita. Kuma suna magana a kan abin da wasu ke kauce wa: mutuwa, yaƙi, zalunci. Master of Puppets ta Metallica, ta 1986, a kan yadda ƙwaya ke mayar da mutum bawa take. Ga gwaninta, don mai ganga da ke buga manyan ganguna biyu da ƙafafunsa a wannan gudun sai ya yi shekaru yana koyo.

Auwal: Zarge-zargen da ake yi wa kiɗan nan ma an kai su gaban hukuma ba sau ɗaya ba. A 1985 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan baitocin waƙoƙi, Dee Snider, mawaƙin ƙungiyar Twisted Sister, ya je ya kare kansa, daga nan tambarin gargaɗin iyaye da ake liƙa wa faifai ya samo asali. A 1990 aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a jihar Nevada, wai sun ɓoye saƙo a cikin waƙa wanda ya sa matasa biyu suka harbi kansu. Alƙali bai same su da laifi ba. A Maroko a 2003 aka ɗaure matasa 14 a Kasablanka bisa irin wannan zargi, jama'a suka yi ca, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke akasarinsu.

Sadiya: Ga kuma Voice of Baceprot, 'yan mata uku daga Garut a Indonesiya, da hijabinsu, a makarantar Islamiyya suka haɗu. Sun hau dandalin bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila a 2024. Su ma bautar Shaiɗan suke yi?

Nura: Su ma ai a ƙasarsu sun sha suka daga Musulmi 'yan'uwansu, kada ki manta da wannan. Kuma kotu ta wanke mutum daga laifi ba ya nufin abin da yake sayarwa alheri ne.

Malam Habibu: Na ji tarihin, na gode muku. Amma ko don neman kasuwa ne, wanda ya ɗauki sunan Shaiɗan da siffarsa ya mai da su ado, ya buɗe ƙofar da 'yan Norway suka bi. Ina nan a kan bakana cewa ba abin yi wa yaro sha'awa ba ne.

Auwal: Wannan magana daban ce da ta farko, Malam, kuma ita ma a shirye nake mu tattauna ta. Bayan isha'i zan kawo fassarar baitocin waƙa biyu, ɗaya ta Birmingham, ɗaya ta Norway, kowa ya karanta da idonsa.

Nura: Na yarda, amma ni zan zaɓi ta Norway ɗin.